Shinkafar da Baba Ya Shanya

Babanmu bai taɓa barin hatsi ya yi fumfuna a hannunsa ba. Tun muna yara, in ya shiga ɗakin ajiya hancinsa ne ke yin gaba. Zai tsaya ya shaƙi iska sau biyu, ya nuna buhu ɗaya cikin ashirin ya ce a fito da shi, kuma kana kwance bakin buhun za ka tarar da danshi a ƙasa. Maƙwabta har kiransa suke ya zo ya shinshina musu ajiyarsu. Yana da wani shuɗin tamfol babba na shanya, wanda zai iya ba ka aron rigar jikinsa amma ba zai ba ka aronsa ba.

Ni kuwa, autarsa, aikina shi ne renon fumfuna. Ina dafa mata shinkafa, ina sa ta a ɗaki mai sanyi, ina leƙa ta safe da yamma in ga ko ta yi kore yadda nake so. Ranar da na fara gaya masa abin da nake yi a cibiyar binciken noma, dariya ya yi har da tari.

“Albasa ba ta yi halin ruwa ba,” ya ce. “Shekara da shekaru ana karatu, ashe ruɓa abinci ake koya miki. Ai da kin zauna gida, uwarki ta koya miki a sati ɗaya.”

Wasa yake yi, na sani. Amma na ji haushi, kuma ni in na ji haushi rufe baki nake. Daga ranar ban sake yi masa bayanin aikina ba. In ya tambaya sai in ce aiki lafiya lau, shi ke nan. Wannan shirun nawa ne, ba na kowa ba, kuma gara in faɗe shi tun yanzu.

Baba manomin rake ne. Rakensa kuwa ba irin na kowa ba ne: ja ne, mai taushin ɓawo, tsohuwa marar haƙori ma tana iya sha. Kakanmu ya zo da shi, kuma duk yankin babu mai shi sai mu, don sauran manoma sun koma irin da kamfanin sukari yake so. Rake ba a shuka shi da ƙwaya, gaɓa ake yanka a binne ta tsiro. Saboda haka raken da ke tsaye a gonarmu shi ne dai wanda Kaka ya binne da hannunsa, ana ta yankowa daga jikinsa shekara bayan shekara. Baba ba ya faɗin haka, ba mutum ne mai irin wannan maganar ba. Amma na sha ganinsa yana shafa kara kafin ya sare shi.

Sai cutar farin ganye ta shigo yankin. Sabon ganye ya fito fari fat kamar takarda, gindin ya tsumbure, ya yi ta fitar da siraran tsiro marasa gaɓa. Wani ɗan ƙwaro mai tsalle ne ke yawo da ita, bai kai ƙwayar shinkafa girma ba. Ya tsotsi mai ciwo, ya yi tsalle ya tsotsi mai lafiya, aikin gama ya gama. Maganin feshi ya daina kama shi. Yayana, wanda shi ke goya famfon feshi a gonar, ya yi ta ƙara yawan maganin har ya samu tarin da ba ya barinsa, ƙwaron kuwa yana nan yana tsallensa.

Ƙungiyar manoman rake ta kafa doka: duk gonar da malamin gona ya ƙirga ya ga farin ganye ya kai gindi goma cikin ɗari, a tumɓuke ta a ƙone, kuma ko gaɓa ɗaya ba za ta fita daga cikinta ba. Baba na cikin waɗanda suka fara ɗaga hannu ranar da aka kafa ta. A ƙidayar farko ta wannan shekarar, gonarmu ta ba da bakwai. Malamin gona ya rufe littafinsa ya ce zai dawo bayan sati shida.

Ni kuma ina da abin da nake gani zai tsayar da cutar a bakwai ɗin. Shekara huɗu kafin nan, a gonar Baba, na tsinci mataccen ƙwaron nan manne a bayan ganye, jikinsa lulluɓe da koren gari. Fumfuna ce ta cinye shi. Na kai ta ɗakin gwaji na rene ta a kwalabe, na tabbatar ba ta taɓa rake, ba ta taɓa mutum, ƙwaron kawai take so. Ana yawaita ta a kan dafaffiyar shinkafa cikin leda mai toshin auduga, sati uku, har shinkafar ta koma kore shar. Sai a wanke a ruwa, a tace, a fesa da yamma. Garin ya manne a jikin ƙwaro, ya tsiro ya huda shi, cikin kwana shida ya mutu. Tana da rai, shi ne amfaninta, shi ne kuma rauninta. Rana tana kashe ta, yini ɗaya ya isa.

Lokacin ma a ƙure yake. Bayan ruwan farko ƙananan ƙwarin ke ƙyanƙyashewa, su yi kamar sati biyu ba fiffike, suna nan a wuri ɗaya. In ka same su a nan ka gama da su. In suka yi fiffike sai dai ka bi su da kallo.

Ranar Laraba na sauke leda goma sha huɗu a ɗakin ajiyar Baba, a lungun da ya fi sanyi. Na so mu fesa a ranar, amma da na shinshina famfon Yaya sai na ji warin tsohon magani, na ce a jiƙa shi da sabulu ya kwana. Muna cikin haka shugaban sashenmu ya kira waya. Wai manyan baƙi za su zo cibiya, dole in koma in tsaya kusa da madubin gwaji cikin farar riga kwana biyu, don a nuna musu muna aiki. Na ja Yaya gefe a bakin mota na ce masa kada a buɗe ledojin, kada su ga rana, zan dawo Asabar.

Baba ya biyo mu har bakin mota, yana goge hannu da ƙasan rigarsa.

“Auta, mene ne a cikin ledojin nan?”

Waya na kunnena. “Magani ne, Baba. Yaya ya san komai.”

Na ja ƙofa na rufe. Minti biyu ya ishe ni in yi masa bayani, kuma ina da minti biyun.

Ranar Asabar na iso da tsakar rana. Tun daga nesa na hango shuɗin tamfol a shimfiɗe a filin ƙofar gida, an danne kusurwoyinsa da duwatsu. Ban kawo komai a raina ba, na saba ganinsa. Sai da na matso na ga launin abin da ke kai.

Baba na tsakiyar shanyar ba takalmi, yana jan shinkafar da ƙafa layi-layi yadda yake yi wa masara, koriyar ƙura na tashi tana manne masa a ƙwauri. Ledojina goma sha huɗu an wanke su tas, an rataye a igiya. A inuwar bango maƙwabcinmu mai tarakta na zaune da wasu dattawa biyu, suna hira suna kora masa kaji.

“Ga ta nan!” Baba ya ce, fuskarsa duk fara'a. “Auta, Allah ya taimake ki na shiga ɗakin nan. Kina tafiya na ji warin. Na buɗe ɗaya, wallahi kore shar, har ƙasa. Wane ne ya ɗaure miki shinkafa da danshinta a leda? Yau kwana uku ina juya ta. Taɓa ki ji, ta bushe ƙayau.”

Na durƙusa na ɗebo. Zafinta ya ƙona mini tafin hannu. Ta bushe ƙayau kuwa, ba ƙarya ya yi ba, Baba ba ya rabin aiki.

Maganar da ta zo mini baki, da na sake ta da dattawan nan sun watse. Na ɗago na dube shi. Gumi na bin wuyansa, mutum mai shekara saba'in da wani abu, yana jiran in yaba. Mai tarakta na cewa, “Ai kin yi sa'ar uba, Malama.” Na ce a raina abin da ya mutu ya mutu, me zan samu in na tsinka shi a gaban abokansa?

“Sannu da aiki, Baba,” na ce.

“Yauwa. Abin da babba ya hango, yaro ko ya hau rimi ba zai hango ba.”

Yaya na same shi a bayan gida yana ɗauraye famfo. A kansa na sauke duk abin da na haɗiye.

“Ban ce kada a buɗe ba? Ban ce kada su ga rana ba? Kurma na yi wa magana?”

“Na faɗa masa,” ya ce, bai ko ɗago ba. “Na ce kin ce kar a taɓa. Ya ce ke kika san hatsi ko shi? Ya tambaye ni dalili, ni kuma ba ki ba ni dalili ba. In kama hannunsa zan yi?”

“Da ka kira ni!”

“Na kira sau uku. Kina wurin baƙi, wayar a kashe.” Ya yi tari, ya tofar. “Ke kin taɓa zama kin gaya masa abin da kike yi? Ni ma ban san fumfunar ce maganin ba, na ɗauka shinkafar ce. Kullum sai dai a yi kaza, kar a yi kaza, kamar kin ɗauko 'yan ƙwadago.”

Na ce masa kada ya kuskura ya gaya wa Baba. Ya ce shi dama bai saba kai labari ba.

Da yammar ranar muka wanke busasshiyar shinkafar muka fesa, don ban san yadda zan ce ba za a fesa ba. Baba da kansa ya riƙa ɗebo ruwa. Na ɓoye ɗan kaɗan a aljihu, ranar Litinin na shimfiɗa a faifan gilashi na ƙirga a madubi. Cikin ƙwayoyin koren garin ɗari, uku ne suka tsiro. Ruwa kawai muka yi wa ƙwari wanka da shi.

A ranar na dafa sabuwar shinkafa. Na riƙa shiga ɗakin sanyi ina duba ledoji kamar kallona zai sa su yi sauri, amma fumfuna ba ta san gaggawa ba, sati ukunta sai ta cika. Wannan karon a ɗakin gwaji na wanke na tace, na kai ruwan a jarkoki, don kada Baba ya ga koriyar shinkafa da danshinta ya yi tambaya. Da muka shiga gonar, kana taɓa kara ƙwari na tashi fuu. Sun yi fiffike.

Fumfunar ta yi aiki, wannan ne abin da ya fi ci mini rai. Bayan kwana shida, duk ganyen da ka juya sai ka ga matattun ƙwari kore-kore a manne. Malamin gona ya ɗauki hotuna yana ta mamaki. Amma ihu ne bayan hari, sun riga sun zuba cutar a inda za su zuba, kuma farin ganye ya ci gaba da fitowa. Ya ƙirga, ya sake ƙirgawa don kunyar Baba. Goma sha uku.

Yaya ya so a sari 'yan gaɓoɓi masu lafiya a ɓoye a binne a bayan gida. Baba ya dube shi ya ce, “Wannan hannun na ɗaga aka kafa dokar. In sace wa kaina?” Ba a sake maganar ba.

Mai tarakta ya tumɓuke gonar cikin yini biyu, aka tara aka bari ya sha iska. Baba bai yarda wani ya ƙyasta ashanar ba. Ɗanyen rake ba ya ci da daɗi, hayaƙi yake yi mai kauri, yana tsiyayar ruwa, ga ƙamshin sukari mai ƙuna da ya cika ko'ina. Har yau in shayi ya ƙone a tukunya sai na fita daga ɗakin. Muna tsaye a bakin gona ya dafa kafaɗata.

“Kar ki sa a ranki, Auta. Ba laifinki ba ne. Kayanki na farko tun a hanya suka lalace, ni na gani da idona. Na yi iya ƙoƙarina in ceto miki su, Allah bai nufa ba.”

Shi ke ba ni haƙuri. Na ce, “Na gode, Baba.” A rahoton da na kai ofis na rubuta cewa an samu matsalar ajiya, shugaban sashe ya yi mini faɗa kan sakaci, na ce na karɓa. Na ɗauka na rufe maganar ke nan, har ina jin kaina 'yar kirki.

Hotunan malamin gona suka zagaya. Da shekara ta juyo, ƙungiya ta nemi in zo in koya wa manoma yadda za su haɗa da kansu, a gonar mai tarakta. Baba ya daina zuwa taron ƙungiya tun da aka ƙone gonarsa, wake ya zuba a wurin, don haka ban damu ba. Aka taru a ƙarƙashin bishiya, mutum kamar arba'in. Na jera bokiti da rariya da famfo, na ɗaga leda sama na yaga bakinta, koriyar shinkafa ta zubo cikin ruwa, danshinta na nan. Sai a lokacin na hango Baba can baya, ya jingina da sandarsa.

Na ci gaba da magana ina kewaye-kewaye. Na ce a ajiye a inuwa, na wuce da sauri zuwa yadda ake tacewa. Wani manomi daga gaba, wanda ba ɗan unguwarmu ba, ya ɗaga hannu.

“Malama, to in an kawo mana ita da danshi haka, ba ma ɗan shanya ta kada ta ruɓe?”

Tambaya ce ta manomin kirki, duk wanda ya san hatsi ita zai yi. Mutum arba'in na jira, kuma duk abin da na faɗa shi za su je su yi a gonakinsu. Ranar wanka ba a ɓoyon cibi.

“Ba a shanyawa,” na ce. “Koren nan shi ne maganin, kuma yana da rai. In rana ta taɓa shi ya mutu.”

“Ko na ɗan lokaci?”

“Yini ɗaya ya isa ya kashe shi duka.”

Mai tarakta ya sunkuyar da kai yana tona ƙasa da yatsan ƙafa. Dattawan nan biyu da suka kori kaji suka dubi juna, sannan ɗayansu ya waiwaya baya, abin da bai kamata ya yi ba, don sauran ma sai suka bi shi da ido. Baba bai motsa ba. Ya tsaya har na gama, har aka fesa layin farko, sannan ya juya.

Na cim masa a kan hanyar gida, daidai gonar waken. Na rage tafiya na jera da shi.

“Yini ɗaya kika ce,” ya ce.

“Eh, Baba.”

“Ni kwana uku na yi.”

“Ba ka sani ba. Ni ce ban faɗa maka ba.”

“Ranar da kika ɗebo a hannunki, kin sani?”

“Na sani.”

“Kika ce mini sannu da aiki.” Ya tsaya ya dube ni, idonsa a bushe. “Kika bar ni ina ɗebo ruwa. Kika bar ni na tsaya a kan wutar raken ubana ina ba ki haƙuri. Shekara guda ina gaya wa mutane kayanki ne suka lalace a hanya, ina kare ki, ashe ku da yayanki kuna kallona kamar ƙaramin yaro da ya fasa tulu.”

“Ban so ka ji kunya a gaban mutane ba ne.”

“A gaban mutum uku. Yau arba'in ne.” Ya gyara riƙon sandarsa. “Da kin zage ni ranar, da na ji zafi na sati ɗaya, kuma da na san 'yata ta ɗauke ni mutum.”

Na buɗe baki, ya ɗaga hannu, ba da faɗa ba, yadda yake tsayar da mai tarakta in ya zo ƙarshen kunya.

Fumfunata yanzu tana gonaki da yawa, farin ganye ya ja baya, ana kirana taro ana tafa mini. A kan kowace leda na sa an buga da manyan baƙaƙe cewa kada a shanya. Jan rake mai taushi kuwa babu shi, na tambaya har wurare masu nisa, ba wanda ya ajiye. Shuɗin tamfol yana wurin mai tarakta, Baba ya aika masa da shi a satin, ba aro ba. Maƙwabta in sun zo kiransa ya shinshina musu ajiya, sai ya ce hancinsa ya tsufa.

Ina zuwa gida duk ƙarshen wata. Yanzu ina yi masa bayanin komai, tun daga dafa shinkafa har ƙirga a madubi, ko bai tambaya ba, kuma ba ya tambaya. Yana saurare har in gama, ya gyaɗa kai da ladabi, irin wanda yake yi wa malamin gona. Wancan zuwan da na tashi tafiya ya rako ni bakin mota, ya riƙe mini ƙofa har na zauna.

“Allah ya kiyaye hanya, Malama,” ya ce.